Salsalar Bautar Kali a Wajen Ramakrishna

Mutanen waje sun fi sanin Ramakrishna (1836–1886) ta bakin almajirinsa Vivekananda, wanda ya yi jawabi a taron addinai na Cikago a 1893. Abin da almajirin ya tallata shi ne falsafar Vedanta, mai cewa haƙiƙa ɗaya ce, ba ta da siffa. Shi kuwa malamin, mai hidima ne a haikalin Kali da ke Dakshineswar, arewa da Kalkata, wanda attajira Rani Rashmoni ta gina, aka buɗe a 1855. "Uwa" yake kiran abar bautar, yana yi mata waƙa, yana miƙa mata abinci, yana kuka in bai gan ta ba.

Wannan bauta ba gadon gida ba ce. A ƙauyensu Kamarpukur, Rama ne abin bautar zuriyarsu. Yayansa Ramkumar ya jawo shi aikin haikalin, sannan a 1861 wata mai yawon zuhudu, Bhairavi Brahmani, ta sauka a wurin. A lokacin jama'a na cewa ya sami taɓin hankali. Ita ta ce a'a, shauƙi ne irin wanda littattafai suka bayyana, har aka tara masana ta kare hujjarta a gabansu. Ta sa aka kafa masa mazauni bisa ƙoƙunan kai biyar a gindin wata bishiya, ta bi da shi ayyukan Tantara daki-daki. Tantara kuwa hanya ce da ke ɗaukar duniya da jikin mutum a matsayin ƙarfin abar bauta, har wani reshenta ke shigar da giya da nama da kifi cikin ibada, abubuwan da sauran masu zuhudu ke ƙyama. Totapuri, malamin Vedanta, sai daga baya ya zo.

Ita ma Bhairavi a hanya ta tarar da bautar Kali. Littafin Devi Mahatmya, na wajen ƙarni na 6, ya nuna Kali tana fitowa daga goshin wata abar bauta a fagen yaƙi, tana shanye jinin wani dodo mai suna Raktabija. To, yaya mai wannan ban tsoro ta koma uwa? A Bangal aka yi wannan juyi. Krishnananda Agamavagisha na Navadvip ya tattara ƙa'idojin bautar a littafin Tantrasara, kuma shi ake jinginawa siffar Kali da ake bautawa a gidaje. A ƙarni na 18 mawaƙi Ramprasad Sen ya riƙa yi mata magana yadda yaro ke yi wa mahaifiyarsa shagwaɓa, wani lokacin har da ƙorafi. Waƙoƙinsa Ramakrishna ke rerawa.

Duk wanda ya ba da tarihin wannan malami ya tsallake Bhairavi da Ramprasad, rabin labari kawai ya bayar.