Chip War: Littafin da ya bi sawun ƙwaƙwalwar kwamfuta har Taiwan

Duk ɗalibin da ya tara kuɗi a Mubi don haɗa kwamfutar tebur ya san tambayar farko da mai gyara zai jefo masa: Intel kake so ko AMD? Samarin garin kan ɗauki wannan musu da zafi kamar na Barcelona da Madrid. Littafin Chip War na Chris Miller, masanin tarihi a Jami'ar Tufts ta Amurka, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa sunan da ke jikin kwalin ba shi ne dukan labarin ba.

AMD ta rabu da masana'antunta tun 2009. Zane take yi, kamfanin TSMC na Taiwan kuma ya ƙera mata Ryzen na zamani. Intel ta riƙe nata masana'antun, ta yi ta jinkiri wajen ƙanƙanta ƙira har aka wuce ta. A baya ma ta ƙi ƙera wa Apple ƙwaƙwalwar iPhone, don tana ganin ba riba.

Inda Miller ya fi burge ni shi ne labarin Morris Chang. Mutumin ya yi shekara 25 a Texas Instruments bai samu shugabancin kamfanin ba, sai ya koma Taiwan ya kafa TSMC a 1987 bisa dabara guda: zai ƙera wa kowa, ba zai yi gasa da abokan cinikinsa ba. Yau mafi yawan ƙwaƙwalen da suka fi ci gaba a duniya daga tsibirin nan suke fitowa, tsibirin da Sin ke cewa nata ne. Haka babin kamfanin ASML na ƙasar Holan, wanda shi kaɗai ke ƙera injin zana waɗannan ƙwaƙwale da haske. Injin yana harbin ɗigon kuza da leza sau 50,000 a daƙiƙa ɗaya, farashinsa ya haura dala miliyan 100. Miller ya warware wannan sarƙaƙiya a gajerun babi, ba sai kai injiniya ne ba kafin ka bi shi, in dai kana jin Turanci.

Sai dai idonsa na kan Washington da Beijin da Taipei. Ya damu da wa zai yi nasara tsakanin Amurka da Sin, bai sauko wurin mai saye irin namu ba, wanda Core i5 na gwanjo yake nema daga Legas ko Kano, yana lissafin wutar da za ta ci a kan sola da zafin da za ta jure a watan Afrilu. Ba zai gaya maka wacce za ka saya ba. Amma wanda ya karanta shi zai gane dalilin da ya sa kayan kwamfuta suka yi ƙaranci da tsada a 2021, da kuma yadda takunkumin Amurka ya durƙusar da cinikin wayoyin Huawei.