Gwanintar Kallon Abin da Ido Ya Saba da Shi

A birnin Saint-Louis na ƙasar Senegal, Jami'ar Gaston Berger ta buɗe wani kwas na digiri na biyu da ake koyar da haɗa fim ɗin gaskiya, wato wanda babu 'yan wasa a cikinsa, babu kuma ƙagaggen labari. Ɗalibai kan zo daga ƙasashen Afirka daban-daban, kowa kuma sai ya haɗa ɗan gajeren fim nasa kafin ya kammala. Za ka zaci duk matashin da aka danƙa wa kyamara zai bazama neman abin al'ajabi. Waɗanda suka fi burge ni cikinsu kuwa, abin da ke gaban hancinsu suka tsaya a kai.

Ga Sani Magori, mutumin Galmi, wanda aikin gona ya fara karantawa kafin ya shiga harkar fim. Fim ɗinsa na makaranta, Notre pain capital na 2008, a kan burodi ne kawai. Ya bi shi tun daga gidan da ake gasa shi har zuwa hannun mabarata, har zuwa inda ake sake sayar da wanda aka samu a bara. Duk mazaunin Saint-Louis yana cin burodin nan kullum safiya, amma sai da baƙo daga Nijar ya zo ya bi sawunsa sannan aka ga yawan bakunan da ke rataye da shi. A shekarar ce kuma ya fitar da fim ɗinsa na albasar Galmi, inda ɗaurin auren wata yarinya ya dogara ga yadda amfanin gona zai yi da kuma farashin buhu a kasuwa.

To mene ne abin wahala a ɗaukar burodi ko albasa? Abu na farko, ido ba ya ganin abin da ya saba da shi. A ce ɗaliba ta yanke shawarar ɗaukar safiyar mahaifiyarta. Ta ga wannan safiya sau dubu, amma tambaye ta da wane hannu uwar take kama tsintsiya, ko daga wane lungu take fara shara, sai ka ga ta yi shiru. Shi ya sa gwanaye kan fara da zama ba tare da kyamara ba. Su zauna, su lura, su rubuta. A nan ne za ta gano cewa kullum uwar takan dakata a ƙofar wani ɗaki, ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta ɗan yi jim kafin ta ci gaba. Wannan tsayawar ita ce fim ɗin, sauran duk shimfiɗa ce.

Sai maganar inda za a kafa kyamara, wadda a ganina a nan ake bambanta mai basira da mai kayan aiki. Wanda ya tsaya a tsaye yana ɗaukar mai wanke-wanke a tsugune, daga sama yake kallonta, haka mai kallo ma zai kalle ta. Ɗalibin da ya san abin da yake yi zai sauke kyamarar daidai fuskarta, ya kafe ta wuri ɗaya, ya daina jujjuya ta. Ba zai kashe ba don an gama ɗauraye kwanon ƙarshe. Zai bari ta ci gaba da ɗauka, domin sau da yawa bayan aiki ya ƙare ne mutum yake sakin fuska, ya ja numfashi, ya manta ana kallonsa. Mahaƙurci mawadaci, in ji Bahaushe, kuma a wannan sana'a haƙurin daƙiƙa ashirin kan sayi abin da yini guda na zirga-zirga bai saya ba.

Sauti ma haka. Yawancin masu koyo hoto suke bi, su bar kunne a baya. Amma ƙarar tsintsiya a kan siminti daban take da ƙararta a kan ƙasa, kuma rediyon maƙwabta da kukan zakara su ne ke gaya wa mai kallo ƙarfe nawa ne ba tare da an nuna agogo ba. Shi ya sa bayan an gama ɗauka akan ce kowa ya yi tsit, a naɗi shirun wurin na ɗan lokaci, saboda kowane tsakar gida da irin nasa shirun, kuma za a buƙace shi wajen tacewa.

Mafi wuya duka shi ne juya kyamara zuwa ga kai. Aicha Macky, 'yar Damagaram da ta karanta ilimin zamantakewa a Yamai kafin ta je Saint-Louis, da jikinta ta fara. Gajeren fim ɗinta na 2011, Moi et ma maigreur, a kan ramarta ne, a cikin al'ummar da ake yaba mace da ƙiba. Na 2013, Savoir faire le lit, ya taɓo maganganun da uwa da 'ya suke jin nauyin yi da juna game da zaman aure. A 2016 ta fitar da L'arbre sans fruit, inda ta yi magana a kan rashin haihuwa, nata da na wasu matan Nijar, tana yi wa mahaifiyarta da ta rasu wajen haihuwa zance kamar tana gabanta. Fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin gaskiya mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA a wannan shekarar.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san girman abin da ta yi. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, asirin ciki a ciki yake zama. Amma kada a ɗauka cewa faɗin sirri kaɗai ya isa gwaninta. Wayoyi cike suke da masu zuba damuwarsu ga duniya, ba wanda ya kira su masu fim. Abin da Aicha ta iya shi ne awo. Ta san daidai adadin kanta da za ta sa. Ta fara buɗe nata ciwon, wannan ya ba ta damar zama cikin matan a matsayin 'yar'uwa maimakon mai bincike, sannan ta ja da baya ta bar su su yi magana.

Wannan awon a teburin tacewa ake yin sa. Ɗalibi kan dawo da awoyi na hotuna don fim ɗin da bai wuce minti goma sha biyar ba, kuma abin da ya fi so shi ne ya fi cancantar a cire: dogon bayanin da ya naɗa da muryarsa yana fassara yadda ya ji. Malami nagari zai ce masa ya kashe muryar ya sake kallo. In hoton ya riga ya faɗi maganar, muryar ta zama ƙari. In bai faɗa ba, sai a koma gidan gobe da asuba, a sake gaida mutanen gida, a sake neman izini, a kafa kyamara a ƙofar ɗakin nan tun kafin a ɗauko tsintsiya.