"Babu" da "Ba a Taɓa Ba": Ma'anar Kalma a Bakin Mai Ba da Shaida

A ranar 17 ga Agusta, 1998, masu bincike suka tambayi Shugaban Amurka na lokacin, Bil Kilinton, game da maganar da lauyansa ya yi a watan Janairu, cewa babu wata mu'amalar jima'i tsakaninsa da wata tsohuwar ma'aikaciyar fadarsa. Sai ya ce gaskiyar maganar ta dangana ga ma'anar kalmar Ingilishi "is". Idan ana nufin babu yanzu, to gaskiya ce. Idan kuwa ana nufin ba a taɓa yi ba, wannan zance ne daban.

Ta fuskar nahawu bai yi kuskure ba. Mu ɗauki misali daga Hausa. An tambayi mutum kuɗin ajiya, ya ce, "Babu kuɗinsa a hannuna," alhali jiya ya kashe su. Kowace kalma daidai take, amma mai sauraro ya tashi da fahimtar cewa ba a taɓa ba shi ajiya ba. Watau ma'ana ba a cikin kalma kaɗai take ba, tana tattare da tambayar da aka yi da abin da mai tambaya yake nema.

Dokar Amurka ta ba irin wannan dabara ƙofa. A 1973 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke hukuncin da aka yi wa Samuel Bronston, wanda aka tambaya ko ya taɓa ajiya a bankin Suwizalan, ya amsa da zancen ajiyar kamfaninsa, ya ɓoye tasa. Kotun ta ce amsar da lafazinta gaskiya ne ba shaidar zur ba ce, aikin lauya ne ya sake tambaya.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan dabara tauriyya, kuma ba su yarda da ita a gaban alƙali ba, domin rantsuwa a nan bisa niyyar mai rantsarwa take, ba mai rantsuwa ba. A ganina matsayinsu ya fi dacewa da yadda harshe yake aiki, domin magana amana ce tsakanin mai faɗi da mai ji.

Majalisar Dattawa ta wanke Kilinton a Fabrairun 1999, amma bayan wata biyu wata alƙaliya ta same shi da laifin raina kotu saboda amsoshinsa na Janairu. Abin lura shi ne, nahawu yana iya kare jimla, amma ba ya wanke niyyar mai furta ta.