Kurkum: Daga Tukunya Zuwa Ƙwayar Magani

Kurkum, ko gangamau, ɗan'uwan citta ne. Saiwarsa ake haƙa bayan wata bakwai zuwa tara da shuka, a dafa, a shanya, a niƙa. Indiya ce cibiyarsa: ita ke noma fiye da kashi 70 cikin ɗari na wanda duniya ke samarwa, kuma mafi yawansa a gida take cinyewa. Manyan kasuwanninsa su ne Erode a jihar Tamil Nadu, da Sangli a Maharashtra, da Nizamabad a Telangana.

A wurin Indiyawa kurkum ya wuce kayan miya. Kafin ɗaurin auren mabiya addinin Hindu akan yi bikin haldi, inda dangi ke kwaɓa garinsa su shafe ango da amarya, don tsarki da neman albarka. A kudancin ƙasar, zaren da ango ke ɗaura wa amarya a wuya da kurkum ake rina shi. A garin Jejuri kuwa, masu ziyarar wurin bautar Khandoba watsa garin suke yi har matakala da tufafi su koma rawaya. Mu ma ba baƙonmu ba ne: masu gyaran jikin amare na haɗa shi da dilka, dukawa kuma sun daɗe suna rina fata da shi.

Sai dai hikimar al'adar a ɗakin girki ta fi fitowa. Mai girki a Indiya ba ta wuce ɗan ƙaramin cokali. Takan zuba shi a mai mai zafi tare da albasa da sauran kayan ƙamshi, sau da yawa har da masoro, ko ta dama shi a madara mai ɗumi ta ba mai mura. Kimiyya ta zo daga baya ta bayyana dalili. Sinadarin kurkumin, wanda masana biyu, Vogel da Pelletier, suka fara tacewa a 1815, kaɗan ne a cikin saiwar, galibi kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. Ba ya narkewa a ruwa sai a mai, kuma hanta na saurin fitar da shi daga jiki. Wani bincike da aka yi a Indiya, aka wallafa a 1998, ya nuna cewa sinadarin da ke cikin masoro na ninka yawan kurkumin da ke shiga jini kusan sau 20. Ashe mai da masoro ba don ɗanɗano kawai suke cikin tukunyar ba.

Wannan sani na gado ya taɓa kaiwa ga shari'a. A 1995 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba wasu masu bincike biyu na jami'ar Mississippi haƙƙin mallakar amfani da kurkum wajen warkar da rauni. Hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta ƙalubalanci hakan, ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce da ke nuna cewa abu ne da aka daɗe da sani, aka soke rajistar a 1997. Abin da kowace kaka ke yi wa jikanta idan ya yanke ba zai zama ƙirƙirar wani ba.

Matsalar ta taso ne da kasuwa ta ciro kurkum daga tukunya ta dunƙule shi a ƙwaya. A ɗakin gwaji kurkumin na rage kumburi, kuma akwai alamun yana sauƙaƙa ciwon gwiwa ga wasu. Amma iƙirarin cewa yana warkar da ciwon daji ko ciwon suga bai tabbata a jikin mutane ba. Ƙwayoyin kuma sukan ƙunshi ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin miya, ga sinadarin masoro da aka ƙara don ya daɗe a jini. Zuma da zaƙi da harbi: a 2019 hukumomin Italiya sun samu mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, a 2023 kuma hukumar magunguna ta Ostareliya ta yi gargaɗi a kan haka. Masu shan maganin tsinka jini da masu tsakuwar matsarmama su ne suka fi bukatar tambayar likita.

Shi kansa garin bai tsira daga haɗama ba. A Bangaladash, binciken jami'ar Stanford ya gano a 2019 cewa wasu masu sarrafa saiwar na shafa mata launi mai ɗauke da dalma don ta ƙara sheƙi. Wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kama a 2010 ya san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwa. Da hukumar Bangaladash ta tashi tsaye da gwaji a kasuwanni da tara, cikin shekara biyu aka kusan daina ganin gurɓataccen.

Don haka darajar kurkum ba a sinadarinsa kaɗai take ba, tana cikin ƙa'idar da al'ada ta gindaya masa: kaɗan, cikin abinci, tare da mai, daga saiwar da aka san asalinta. Mai tallan ƙwaya yana kafa hujja da daɗewar al'adar, alhali ya yar da ma'aunin da ya sa ta daɗe ba ta cutar da kowa ba.