Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Yau ina so mu ɗan taɓa zancen masu zuwa Amurka su dawo mana da labari.

Na lura kashi biyu ne. Wasu su ce aljannar duniya ce, wuta ba ta ɗaukewa, inji ke wanki da wanke-wanke. Wasu kuma su ce babu tarbiyya, babu zumunci, tsoho ma gidan tsofaffi ake kai shi. Ni dai ina da ja da su duka. Ƙasa mai jihohi 50 da mutum sama da miliyan 330, ta yaya baƙon sati biyu zai ce ya san halinta?

Mu duba gida. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ake bikin kamun kifi. Baƙo zai zo ya ga masunta sun auka Matan Fada da gora da homa, ya ɗauki hoton giwan ruwa, ya leƙa gidan tarihin Kanta, ya tafi yana cewa ya san Kabawa. Shin ya ga matar da ta tashi tun asuba tana gumin shinkafa? To haka namu suke yi wa Amurkawa.

Abin da ke damuna, wannan labarin yana shiga ɗakunanmu. Budurwa a Birnin Kebbi ta raina manemi mai sana'a tana jiran ɗan waje. Uwargida ta hana maigida sakat kan kicin irin na fim. Ke 'yar uwa, an taɓa gaya miki cewa dokar tarayyarsu ta 1993 hutun haihuwa na sati 12 ta bayar, shi ma ba albashi? Ke kuwa kwana 40 kina wankan jego, ga kunun kanwa, ga dangi suna ta hidima. An gaya miki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajensu mutum ɗaya tal ke ciki?

Su ma masu zagin, me ya hana su faɗi kiyaye lokaci da bin layi da son karatu da suka gani? Ai wannan abin koyi ne.

Don haka in matafiyi ya buɗe baki, tambaye shi: kwana nawa ka yi, gidan wa ka kwana? Kada ki kashe aurenki kan kallon kitse ga rogo. Allah ya sa mu dace, amin.