"Ruwa Ya Gurɓace": Sharhi a Kan Kalmar da Ke Ɓoye Mai Laifi

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata jimla da ta zauna daram a bakin 'yan jarida da ma'aikatan hukuma duk lokacin da masana'anta ta malalo dagwalo cikin kogi, wato "ruwa ya gurɓace". Ra'ayinmu shi ne jimlar ta gaza ta fuskar ma'ana, ta kuma gaza ta fuskar nahawu, kuma mutanen bakin kogi ne ke biyan kuɗin wannan gazawa.

Bari mu kafa hujja da Kano. Kamfanonin jimar fata na Sharaɗa da Challawa da Bompai suna amfani da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam. Dagwalon Sharaɗa yakan bi rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, na Bompai kuwa ya bi Getsi ya shiga Jakara har madatsar Wasai. A bakin waɗannan ruwaye akwai masu lambu da masunta da makiyaya.

Ta fuskar ma'ana, abin da Bahaushe ya sani shi ne shanu sukan gurɓata tafki, wato su tayar da laka. Maganin wannan haƙuri ne: a bar ruwa ya kwanta, a tace, a sha. To, kuromiyam ba ya bin wannan ƙa'ida. Kusa da magudana ruwan baƙi ne mai wari, kowa na gudunsa. Can gaba sai ya washe, alhali ƙarfen ya zauna cikin laka, yana shiga jikin kifi da ganyen lambu. Wanda aka ce wa ruwa ya gurɓace, da ya ga ya washe sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Ta fuskar nahawu kuwa, "gurɓata" aikatau ne so-karɓau, wanda ke nuna akwai aikau: wane ya gurɓata ruwa. "Gurɓace" ƙi-karɓau ne, ruwan da aka cuta shi ne ya hau gurbin aikau, kamar shi ya ga dama ya lalace. Da wannan ɗan sauyin wasali mai laifi ya sulale daga jimla. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Karin maganar na neman dalili, jimlar 'yan jarida kuwa ta yafe shi.

Abin mamaki, Hausa ba ta rasa kalmar da ta dace ba. Masunta sun daɗe da sanin magimfa, tsiron da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya taso a galabaice. Wanda ya yi haka, cewa ake ya sa wa ruwa guba. Kalmar "guba" tana gargaɗi, ba ta alkawarin washewa, tana kuma jawo tambayar wa ya sa.

Nan ne batun sa idon jama'a ya shigo. Bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko cikin 1988, gwamnati ta kafa hukumar FEPA a shekarar, daga baya NESREA ta gaje ta a 2007. Dokokinsu da Turanci aka rubuta, ma'aunansu kuma sai a ɗakin gwaji. Amma wanda ke fara ganin mataccen kifi da asuba Sarkin Ruwa ne da mutanensa. A Argungu har yau ana kiyaye Matan Fada daga su sai lokacin biki, shaida ke nan cewa sarautar na iya tsare kogi. Sai dai mai unguwa ba zai kai ƙarar ruwan da ya gurɓace don kansa ba. In aka ce an zuba guba, dole a nemi mai zubawa, da ranar, da magudanar.

Kada mutumin Tambuwal ko na Kebbe ya ce Kano ta yi nisa. Kebbe na maƙwabtaka da Gummi, Gummi kuma da Bukkuyum, inda gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta ɓulla a 2010, ita da Anka, ta hallaka yara fiye da 400. A can ma ido bai ga komai a ƙasa ko a ruwa ba sai da yara suka fara faɗuwa.

Shawararmu ga masu fassara labarai da masu tsara ƙamus ita ce a bar wa laka da shara kalmar "gurɓata". Idan sinadarin masana'anta ne, a ce guba, a gina jimlar da aikau, a ambaci sunansa in bincike ya tabbatar. Haka Sarkin Ruwa zai san abin da zai hana, alƙali kuma ya san wanda zai kira.