Suna Ɗaya, Faifai Biyu

Masu cewa kiɗan metal hayaniya ce zalla ba su taɓa zama sun saurari faifai biyun da suka fito a 2013 da sunan ƙungiya ɗaya ba. Da sun saurara, da sun ji kiɗan yana da tsarin da kunne ke iya raba mai asali da mai aro.

Ƙungiyar Queensrÿche ta tashi a Bellevue, kusa da Seattle a Amurka, a farkon shekarun 1980, ta yi tashe da Operation: Mindcrime a 1988 da Empire a 1990. A Afrilun 2012 rigima ta kaure tsakaninsu a bayan dandali a São Paulo ta Brazil, a watan Yuni makaɗan suka sallami mawaƙinsu, Geoff Tate. Aka tafi kotu, ta bar wa kowane ɓangare sunan kafin a yanke hukunci. Tate ya tara sababbin makaɗa ya fitar da Frequency Unknown a Afrilun 2013. Tsofaffin abokansa suka ɗauko mawaƙi Todd La Torre, suka fitar da nasu a Yuni, suka laƙaba masa sunan ƙungiyar kawai.

Mai sauraro a Malam Madori ko Haɗejiya zai yanke shari'ar nan take: suna na mai murya ne. Haka aka saba, Shata da Ɗanƙwairo ake kira, makaɗa da 'yan amshi na bayansu. Amma a metal ba a nan gizo ke saƙa ba.

Ƙashin bayan waƙar metal shi ne take, wato ɗan gajeren kiɗan jita da ake maimaitawa har ya zauna a kai. Queensrÿche tana da nata hannun. Jita biyu ne ke ɗaukar zare ɗaya, ɗaya a sama ɗaya ƙasa kaɗan, su tafi tare ba mai wuce wani, su rabu, su sake haɗuwa. Ƙarƙashinsu jitar bes ta Eddie Jackson na riƙe nauyi, gangar Scott Rockenfield kuwa ba ta bin hanya miƙaƙƙiya: takan jinkirta bugu, ta cike gurbin da fayafayan ƙarfe, sannan ta faɗo daidai inda jitocin suka haɗu. Murya sai an gama wannan gini take hawa. A faifan Yuni, masu jita Michael Wilton da Parker Lundgren sun dawo da tafiyar jita biyun, aka kuma kira James Barton, wanda ya yi aikin sauti a faifayen 1988 da 1990. Cikin minti 35 kacal an ji gida.

Faifan Tate ya bi wata hanya. Ya gayyato gwanaye irin su K.K. Downing, tsohon ɗan Judas Priest, da Chris Poland, kowa ya zo ya nuna hannunsa ya tafi. Gwaninta akwai, amma baƙi ba sa ɗaukar zare ɗaya. Ƙorafi kan haɗin sauti ya yi yawa har sai da aka sake haɗa waƙoƙin. Masu kare shi da cewa muryar asali tana can sun manta cewa tsofaffin waƙoƙi huɗun da ya sake rerawa a ciki su ne suka fi tona rashin makaɗan asali.

Kasuwa ma ta bi kunne: a jerin Billboard faifan makaɗan ya kai na 23, na Tate ya tsaya a na 82. A Afrilun 2014 aka yi sulhu. Wilton da Jackson da Rockenfield suka riƙe sunan, Tate ya tsira da ikon gabatar da Operation: Mindcrime da ci gabansa cikakku a dandali, ya kuma raɗa wa sabuwar ƙungiyarsa sunan wannan faifan.